Ludayi na Biyar

Litinin, 4 ga Oktoba, 1976
Hedimasta ya kira ni ofis. Wai 'yan aji ɗaya sun yi yawa bana, saba'in a ɗaki guda, malami ɗaya ba zai iya koya musu ƙidaya ba. Tunda ni kaɗai ce mace a makarantarmu ta Sule Tankarkar, ni zan riƙa shiga gidaje bayan la'asar ina nuna wa iyaye mata yadda za su koya wa yara da wake ko tsakuwa. Na ce to. Ko rijiya ya ce in faɗa, to ɗin zan ce.

Alhamis, 7 ga Oktoba
Gida uku yau. Na zuba wake a faifai ina ɗaya, biyu, uku, matan suna ta dariya. Wata ta ce, "Malama, in kin gama a bar mana waken." Na bar musu.

Asabar, 9 ga Oktoba
'Yata Yelwa tana ƙirga kaji a tsakar gida: ɗaya, biyu, uku, huɗu, shida. Na ji. Na ci gaba da tankaɗe.

Lahadi, 10 ga Oktoba
Gara in rubuta, ko sau ɗaya ne.
Yayarta Asama'u ce ta koya mata ƙidaya, ni kuma na koya wa Asama'u. Kullum da safe in an dama koko sai ta jera ludayai a tabarma: Baba ɗaya, Iya biyu, Inna uku, Yelwa huɗu, ita biyar. Ina jin daɗi har in kira maƙwabta su ji. Iya, uwar maigida, ta sha cewa a daina ƙirga mutanen gida, babu kyau.
Ƙyanda ta ɗauke Asama'u a watan Maris. 'Yar fari ce, ko sunanta ban taɓa kira da bakina ba.
Washegarin sadakar uku Yelwa ta jera ludayai, ta kai huɗu, ta buɗe baki za ta ci gaba. Na mare ta. Tun ranar ba ta sake cewa biyar ba. Ludayin na soke shi a jinkar ɗaki.
Iya ba ta taɓa cewa ai ta faɗa mini ba. Da ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 13 ga Oktoba
Ba komai. Ana roron wake.

Talata, 19 ga Oktoba
Maigida ya ce, "Baɗi yarinyar nan za ta shiga makaranta. Kina gyara 'ya'yan gari, taki tana tsallake biyar." Na ce zan duba.
Na zaunar da ita da tsakuwa. Da ta zo huɗu sai ta daina kallon tsakuwar, ta koma kallon hannuna. Shekararta biyar, kuma tsoron hannuna take. Ya kamata in ji wani abu. Na kwashe tsakuwar na zubar.

Alhamis, 21 ga Oktoba
Na je ruga ta hanyar Maigatari, wurin Sabuwa, uwar Lauratu ta ajinmu. Kafin in zauna ta ce, "Malama, mu fa ba ma ƙirga shanu, kada ki sa mini yarinya." Na fara naɗe faifaina.
Sai ta ja ni wurin dangwali, igiyar da suke ɗaure maruƙa. Maɗauri goma sha biyu, maruƙa uku. Sauran garken ya tafi a farin da aka yi shekara uku da suka wuce. Ta ce in dai ƙirga ce, a ƙirga igiya. Lauratu ta bi tana taɓawa har goma sha biyu, ba kuskure.
Na tambaye ta me ya sa ba ta kwance waɗanda ba kowa ba. Ta dube ni kamar na zage ta. "In kwance? Kowanne na san wadda ta tsaya a wurin."
Na dawo a ƙafa. Na mance faifan a can.

Juma'a, 22 ga Oktoba
Kaina ciwo. Ban shiga gidan kowa ba.

Asabar, 23 ga Oktoba
Na taka turmi na zaro ludayin. Duk yanar gizo. Na wanke, na jera su a tabarma, na zauna a kan hannuwana don ta gani.
Yelwa ta ƙirga a hankali. Da ta ce huɗu sai ta dafe kunci.
Ni na ce biyar. Muryar kamar ta aro.
Ta ce, "Inna, na wa?"
Na ce, "Na Asama'u."
Iya tana bakin murhu, ta ji. Ta daɗe ba ta juyo ba, sannan ta turo mana ƙwaryar koko. Yelwa ta sake daga farko, sau uku, kullum tana rage murya a kan biyar, amma tana faɗa.
Ban mayar da ludayin jinka ba. Sai an taka turmi, kuma yau akwai daka.