Turmin Maccido

Sakkwato, 9 ga Rajab, 1283

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Uwani, a Dundaye.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kina lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya yi sauƙi.

Ran Alhamis Malam ya sallame ni daga karatun ɗibbu, wato ilimin magani, ya tura ni wurin majinyacina na fari, Maccido majemi, wanda ya shekara bakwai da ciwon fuka. Yayarsa Dijatu ke jinyarsa. Ba ta yi karatu ba, amma in fukar ta tashi sai ta zaunar da shi, ya jingina ƙirji bisa kifaffen turmi, ta kashe wuta, ta ɗage asabari, tana shafa bayansa har numfashi ya dawo. Sau uku na gani, sau uku ta lafa. Ban iske wannan a littattafaina ba, don haka ban san matsayin da zan ba shi ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki, Siddiƙu.

Sakkwato, 15 ga Rajab

Inna, ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar gida.

Maccido ya rasu jiya tsakanin azahar da la'asar. Majema goma sha ɗaya sunka zo dubiya, Dijatu ta ba su wuri ta shige cikin gida. Nan fukar ta tashi, leɓɓansa sunka yi baƙi. Dattijonsu Junaidu ya ce ajali ne, a kwantar da shi ta dama, fuska alƙibla, a laƙƙana masa shahada. Duk sunka dube ni.

Inna, tsoro na ji kada musulmi ya cika a zaune a ce ni na hana. Ni na janye turmin. Ya riƙa jan hannuna yana son tashi, na ɗauka magagin mutuwa ne. Ban aika a kira Dijatu ba, alhali taku ashirin da biyu ne tsakani. Na auna yau da safe.

Malam ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na sani. Amma da na je ta'aziyya, Dijatu ta yi mini tambaya ɗaya daga bayan asabari: ko yana zaune lokacin. Na gaya mata gaskiya. Sai ta yi mini godiyar zuwa.

Ki roƙa masa rahama. Ni ban san abin da zan ce ki roƙa mini ba.

Ɗanki, Siddiƙu.