Ranar Da Sandata Ta Huta

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Yau Asabar, da hantsi nake rubutu kafin hannun ya soma rawa. Jiki da sauƙi, sai gwiwar hagu da ta ƙi sulhu, da tarin nan mai zuwa da asuba. Gwaggonka ta leƙo ni makon jiya, ƙafarta ta warke.

Labarin 'yarka zan ba ka, don na san ba za ta yabi kanta a gabanka ba. Asibitin haihuwar da take aiki ya shiga wani taron ungozomomi na ƙasashe da yawa, irin wanda ake yi ta kwamfuta. Kowa yana ɗakinsa yana magana da harshensa, tafintoci suna can wani wuri suna juya wa mutane a kunne. Ka san bakinta, ba banza nake ce mata Jirgi ba. A zaman farko ta karanta shafi huɗu ba numfashi. Tafinta ya bi ta har ya gaji ya yi shiru, da aka nemi tambaya ko mutum ɗaya bai ɗaga hannu ba. Shugabarsu ta ce idan aka sake haka wata za ta karɓi maganar, alhali ita ta shekara uku tana tsara yadda suke bin mai jego har gida.

Ta zo mini ido jajir. Na tuna mata cewa ni ɗin nan, mijin wasanta da take rainawa, na yi shekara talatin da ɗaya ina tafinta a kotu. Ta yi dariya, wai wancan zamanin tawada ne. Na ce na'ura ce ta canza, kunnen tafinta yana nan yadda na bar shi. Na sa ta aika wa tafintocin takardarta tun ana saura kwana uku, da sunayen magunguna a jere. Muka rage shafi huɗu zuwa ɗaya da rabi. Na hana ta ɗora wa jimla ɗaya kaya biyu, na ce in ta faɗi lamba ta tsaya kamar mai jiran a rubuta. Akwai wani barkwancinta da ta so ƙwarai, na ce ta bar shi a gida, ba zai ƙetare zuwa wani harshe ba. Yamma shida muna haka, duk sanda ta ɗauki gudu sai in taɓa mata ƙafa da sanda.

Ranar zama na biyu ɗakina ta zaɓa, wai babu inda ya kai shi shiru. Ka ga shirun da nake kuka da shi ya yi rana. Muka kashe fanka, muka rufe taga, har agogon bango ta sauke don kada ƙararsa ta shiga kunnen mutane. Na zauna gefe inda ba a ganina, sanda a hannu. Ta fara tiryan-tiryan. Da ta iso kan lambobi sai na ji Jirgi ya fara tashi. Na ɗaga sanda, amma kafin in kai ta, ta tsaya da kanta, ta ja numfashi, ta nemi afuwar tafintoci, ta maimaita a hankali. Na mayar da sandar kan cinyata. Ɗana, tambaya bakwai aka yi mata, na ƙirga da yatsuna.

Da za a tashi, wata tafinta ta yi mata godiya, ta tambayi wanda ya koya mata tausayin masu juya magana. Kafin in ankara 'yar nan ta juyo kwamfutar kaina, ga ni da singileti, ko hula babu. Mutanen ƙasashe suka yi ta tafi. Ban yafe mata ba, kuma ban daina murmushi ba. Shugabarsu ta bar mata maganar har ƙarshen shekara.

Ka gaishe mini da surukata, da yayan Jirgi, da 'yan biyu, da autanka mai ƙin wanka. Allah ya yi muku albarka baki ɗaya.

Ni ne mahaifinka mai yi maka addu'a kullum.

Na manta. Ta ce za ta zo jiya mu shirya zama na uku. Na dafa shayi, na jawo mata kujerarta, har magariba ba ta zo ba. Ta aiko cewa ta shirya da kanta, kuma abokan aikinta biyu take koya wa. Kada ka yi mata faɗa, abin da na koya mata ke nan. Agogon dai ban mayar da shi bango ba tukuna.