Irin Baba a Gindin Gawo

Tsamaye, Sha'aban

Zuwa ga ƙanena Jibrilla, malamin gona a garin Isa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina iyali? Mu nan lafiya lau, sai dai rumbu ya zama fayau, ɓeraye ma sun yi ƙaura.

Damina biyu ke nan ba mu ga ruwan kirki ba. Abin da ya rage mana geron irin da marigayi Baba ya bari cikin tukunya da toka. In ya tafi, ba mu da wani.

Na yi mafarkin Baba, Jibrilla. Yana tafe cikin gonarmu, ƙafafunsa jiƙe sharkaf, ƙasa ko a bushe. Ya je gindin gawo ya zauna yana murmushi. Da gari ya waye sai ga shamuwa bisa tsamiyar masallaci. Liman Atiku ya ce ruwa ne. Za ni yi binne, in zuba irin duka tun ƙasa na bushe, ruwan fari ya tarad da shi.

Ni ne wanka,
Yari

*

Isa, Sha'aban

Yaya Yari,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa.

Bara ma shamuwa ta zo, Yaya, ita ba ta da gona. Kwalbar awon ruwa ta ofishinmu ta nuna halin shekarun nan: ruwan fari ya sauka, sama ta yi shiru kusan wata, abin da ya tsiro ya ƙone. Na ji tsoro da na karanta takardarka.

Amma mafarkin ya tsaya mini a rai. Gona duka ga ta, mi ya kai Baba gindin gawo? Na ɗauki fartanya na tona ƙarƙashin wani gawo nan bayan gari. Ƙasar baƙa ce, ganye da kashin dabbobi sun ratsa ta, ta fi riƙe laima nesa ba kusa ba. Na daɗe durƙushe ina shinshina ta.

Ka haƙa ramuka a wurin, faɗin ƙwarya, yadda mutanen Nijar ke yi, ka sa taki. Liman ya tofa addu'a, ka binne rabin irin. Rabin kuma, don Allah, ka aje.

Ƙanenka mai biyayya,
Jibrilla

*

Tsamaye, Shawwal

Jibrilla,

Sallama da gaisuwa. Ruwa ya zo, ya ɗauke, yadda ka ce. Gonakin gari sun ƙone ƙurmus. Geronmu na gindin gawo yana tsaye, ganyen ya naɗe da rana, ya buɗe da safe.

Ban aje rabin ba. Da na fara zubawa hannuna ya ƙi tsayawa.

Hadari na taruwa gabas kowace la'asar, ya watse. Cikin geron nake zaune ina rubuta maka. Ka zo, ba na so in jira ni kaɗai.

Wanka,
Yari