Ciwon Labbo ba shanyewar jiki ba ne

Garin Isa, watan Rajab, 1959

Zuwa ga Yaya Malami a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Allah shi sa wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da iyali. Mu nan mun gode Allah, an kai gero rumbu, Hajo ta sauka lafiya. Sai dai gidanmu ba daɗi, Yaya.

Ƙanenmu Labbo na kwance. Ya dawo fatauci daga Maraɗi da amai, bayan 'yan kwanaki harshe ya yi nauyi, ƙafafu suka mutu, hannuwa suka bi. Ko kunu sai an ɗiga mishi. Kowa ya ce shanyewar jiki ce, amma mahaifiyarmu Inno ta ce sammu ne, ta kama sunan Illo, abokin tafiyarshi. Ka san Inno, in ta kafe ko jaki ya san da zamanta. Yanzu ba mai ba Illo hannu a masallaci, yara na jifar matarshi a bakin rijiya.

Na sa Labbo a mota zuwa asibitin Sakkwato. Likita ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya duba ido, ya ce shanyewa ɓari guda take kamawa lokaci ɗaya, wannan kuwa ya ci ɓari biyu a hankali, kuma hankalinshi garau yake, duk abin da muke faɗi yana ji. Sai ya sa tafinta ya tambaye mu ko Labbo na shan giya. Na ce subhanallahi, ɗan gidan liman? Illo, da ya biyo mu ba wanda ya kira shi, ya sunkuyar da kai ya ce Labbo ya daɗe yana sha can Maraɗi, ƙasar mulkin Faransa, sau da yawa shi ke goyo shi zuwa masauki. Likita ya ce abin da yake zato ke nan: giya da rashin ci sun cinye rigar jijiyoyin da ke gindin ƙwaƙwalwa. Bai ba mu wani fata ba. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tausayi har na yi kuka.

Na ce za ni faɗa wa Inno gaskiya a wanke Illo. Illo ya riƙe mini riga, ya ce tsohuwar da ke tashi asuba tana yi wa ɗanta addu'a ba za ta ji wannan a bakinmu ba, gara a ci gaba da kiranshi mugu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji shi. Har yau ban faɗa mata ba, kuma abin na ci na.

Ka gaishe da Kande da Ibrahima. Inno na gaishe ka, haka Tasalla. Illo ma ya ce in gaishe ka, ka yafe mishi. Jiya ya ɗaura kayanshi, ya koma garin Gatawa da iyalinshi saboda tsangwamar mutane, ni kaɗai na raka shi bakin gari.

Naka ƙane,
Sodangi