Gayyar Jan Gida

Litinin, 5 ga Janairu
Teku ya cinye shingen lambu. Daga ƙofa zuwa ruwa yanzu taku goma sha ɗaya ne. Bara talatin ne. In ba a ja gidan katakon nan zuwa kan tudu kafin ruwan sama ba, ya tafi.

Alhamis, 8 ga Janairu
Na rubuta takardun gayya bakwai da rubutuna mai kyau, na ba mai kwale-kwale ya raba. Ban rubuta wa 'yata Nelda ba. 'Yar da ta tare da namiji ba a ɗaura musu aure a coci ba, ai ta san inda uwarta take.

Asabar, 17 ga Janairu
Kafinta ya ɗora gidan a kan gungume biyu tun jiya, don shanu su ja. Na tona rami na gasa abincin mutum arba'in, dankali da naman rago. Mutum uku suka zo, da tsofaffin shanu biyu. Gida ko motsi. Mutanen yanzu ba kunya, ba tsoron Allah. Ni kaɗai na rufe ramin.

Lahadi, 18 ga Janairu
Bayan coci maƙwabciyata Ermelinda ta tare ni. "Eduvina, gayya kika kira ko sammaci? Mai gida da ƙafarsa yake zuwa, ya tsaya a ƙofa ya roƙa." Na ce ban saba roƙo ba. Ta ce, "To ki koyi iyo." Wai kuma shanun da za su iya jan gida irin nawa, a tsibirin nan sai na Audilio. Mutumin Nelda ke nan.

Talata, 20 ga Janairu
Taku tara.

Laraba, 21 ga Janairu
Gida shida na tsaya. Na su Nelda na bari ƙarshe. Audilio yana gyaran karkiya, ya ɗago. "Uwargida Eduvina, ɓatan hanya kika yi?" Na ce, "Roƙo na zo." Muryata kamar ba tawa ba. Nelda ta fito, ciki ya kai wata bakwai. Ba wanda ya gaya mini. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Asabar."

Asabar, 24 ga Janairu
Shanu goma sha biyu. Audilio ya yi ihu, gidan ya yi ƙara ya bi su, labulena yana kaɗawa a taga. Kafin la'asar yana kan tudu. Kowa ya ci ya tafi.

Lahadi, 25 ga Janairu
Nan shiru ya yi yawa. Ra'ayina bai canza ba, zunubi zunubi ne, na kuma gaya wa Nelda. Ta ce, "Na ji, Mama." Na kwashe kayan ɗinki daga ƙaramin ɗaki, gidan su Nelda da danshi, jariri ba zai iya ba, iyakar dalilin ke nan. Ermelinda ta rantse wai jiya ta ji na ce wa Audilio "ɗana". Ban tuna ba. Hayaniya ta yi yawa.