Ba Ni Na Haukata Rediyonka Ba

Assalamu alaikum, Yaya Sule.

Bayan gaisuwa da fatan kabarinka ya yi sanyi, ƙanenka ne Haruna daga Barkiya. Ni ke faɗa, ɗiyata Hajara ke rubutawa a wayarta. Ta ce mutane za su gani. Su gani, abin da nake so ke nan.

Maganar rediyonka ce. Ka tuna daminar da ka ara mani shi na tafi gona? Na rataye shi a reshen marke ina noman gero. Da hantsi tasharmu ta ɓace, wasu mutane suka shigo suna wani yare da ban taɓa ji ba. Da na mayar maka, ya sake yi a gabanka.

Ka ce na bar shi a rana ya haukace. Ka faɗa a zaure, ka maimaita a kasuwar Kurfi. Tun daga nan ko tocila ba mai ara mani. 'Ya'yanka har yau idan na taɓa wayarsu sai su kalli juna.

To, Hajara na karatun sararin samaniya a jami'a a Dutsin-Ma, ta warware mani. Wai abin da muke kira faɗuwar tauraro, tsakuwoyi ne ke ƙonewa can sama, su bar burbushin ƙarfe. Iska ta tattara shi ya zama shimfiɗa siririya. Muryar rediyon wata ƙasa ta buge ta, ta dawo ƙasa, ta faɗo gonar wanda Allah ya nufa. Ran nan tawa ce.

Na ce mata ni dai na san faɗuwar tauraro jifan shaiɗanu ne, ban janye ba. Amma sashen da ya wanke ni, na sa ta maimaita shi gaban 'ya'yanka.

Rediyon yana wurina, Yaya. Bayan rasuwarka ba wanda ya so shi. Kullum da hantsi ina kunna shi, ko mutanen nan za su dawo. Da kana nan, da mun saurare su tare, kana musu.

Na yafe maka. Allah ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu a Aljanna. A can za ka faɗa da bakinka cewa ba laifina ba ne.

Ƙanenka da bai ɓata maka komai ba,
Haruna