Kada A Buɗe Rumbu Sai Na Zo

Zuwa ga ƙanena Barmo, a Cadakori.

Bayan gaisuwa, ina gida, ina Tala da ƙafarta? Shekara ashirin ke nan da shekarar fara, da muka binne yarana biyu, Fati da Abdulhadi. Ni lafiya lau a Abijan, idon hagu ne dai ya rufe, likita ya ce in zauna nan ana yi mini magani.

A lakol ɗin jikata Nazira, malaminsu ya raba musu kuɗin ƙarya, suna sayen hannun jarin kamfanoni, in ya tashi su sayar. Ita ta zo ta ɗaya. Shi ne ubanta Musbahu ya ce gero ya yi tsada a Gidan Rumji, a sayar da namu, a sayo in ya sauka. Haka muka yi waccan shekarar ta fara, bai sauka ba. Nazira ta ce, "Kaka, in an faɗi ai sake wasan ake." Na ce wa zai sake mini Fati da Abdulhadi?

In Musbahu ya bugo, ka ce rumbu a liƙe yake. Allah ya tsare ku. Gobe da sassafe zan lalubi tasha da sandata in taho gida, likita ya riƙe maganinshi.

Yayanka, Musa.